Agogon Auta Yana Gaba da Minti Huɗu

A ofishin da yake aiki, a hawa na uku na wani gini mai yawan tagogi, Kwana Uku ake kiransa. A gida kuwa Auta ne, ko da yake furfura ta fara leƙowa a gefen kunnensa. Sana'arsa gina shafukan intanet, kuma waɗanda suka san aikin sun ce ya iya. Mahaifinsa ya rubuta masa saƙo ɗari huɗu da sittin da takwas. Guda ɗaya ya karanta.

Baban nasa mai gyaran agogo ne. Shagonsa na kan wani siririn titi, tsakanin mai ɗinkin takalma da mai sayar da fitilu, faɗinsa taku huɗu, zurfinsa taku shida. A bangon dama akwai katako mai ƙusa ashirin da huɗu, layi huɗu, shida-shida. Duk agogon da ya gama gyarawa, a nan yake rataye shi kwana uku cif, da 'yar takarda a jikinsa mai ɗauke da ranar da aka rataye shi, cikin rubutun nan mai karkata dama wanda yanzu ba a koyar da irinsa. Kullum da safe zai kunna rediyo, ya jira ƙarar cikar ƙarfe takwas, sannan ya bi agogunan ɗaya bayan ɗaya yana gwada su.

Masu gaggawa sun sha yin ƙorafi. "Haba Mai Agogo, ai ga shi nan yana tafiya! Ba ni abina."

"Yana tafiya don ina kallonsa," in ji shi. "Tsorona yake ji. Bari mu ga abin da zai yi in na juya masa baya."

Haka ma koyarwarsa take. Bai taɓa nuna wa mai koyo inda kuskurensa yake ba. Zai kara agogon a kunne, ya miƙa maka, ya ce, "Sake dubawa," ya koma kan aikinsa. In ka gano a ranar, to. In sai bayan mako ne, shi bai ƙosa ba. Auta ya yi hutun makaranta uku a kan bencin nan, ya ɓatar da ƙananan kusoshi ba adadi, kuma babu kalmar da ya tsana a duniya kamar wannan "sake dubawa".

A ƙarshen titin akwai wani shago mai kwamfuta shida, inda mutane ke zuwa buga takardu. Can ya gudu. Can ya gano cewa in ka rubuta wa na'urar nan layin umarni, ka danna, nan take za ka ga sakamako. Ranar da ya fara sa wata kalma ta koma ja a kan allo, sai da ya miƙe tsaye. Babu ƙusa, babu takarda, babu jiran kwana uku. Baban bai hana shi ba. Da ya gama makaranta ma ya ba shi agogon hannu, irin wanda ake murɗawa, ya ce, "Ko ba ka gyara ba, ka riƙa sanin lokaci."

Yana da shekara ashirin da uku ya gina shafinsa na farko, kuma na shagon babansa ne. Bayan shafin rawaya ne ɗorawa, akwai hoton agogo yana juyi ba hutawa, sunan shagon kuma yana gudu daga dama zuwa hagu. Yayarsa, wadda ma'aikaciyar jinya ce kuma bakinta ba ya ajiye magana, ta kalla ta dafe goshi.

"Auta, ka rubuta a ƙasa: mai hawan jini kada ya duba. Ni da nake lafiya ma jiri nake gani."

"Yaya, zamani ne ba ki sani ba."

"In zamani ke nan, a bar ni a baya."

A gindin shafin ya sa akwatin saƙo: wurin suna, wurin rubutu, da maɓalli mai cewa Aika. Aikin akwatin kashi biyu ne. Kashi na farko shi ne ya ajiye saƙon a wani rumbu, can a babbar kwamfutar kamfanin da ke ɗauke da shafin. Na biyu shi ne ya tura kwafinsa zuwa imel ɗin Auta, don ya san an rubuto. Na farkon ya yi aiki. Ya gwada sau biyu, ya leƙa rumbun ya gani. Na biyun ya yi masa taurin kai. Ya yi fama da shi yini guda, ya gaji, sai ya bar wa kansa 'yar tunatarwa a tsakanin layukan, irin wadda magina shafi ke rubutawa, na'ura ba ta karanta ta: "A gama wannan gobe." Amma ya riga ya shirya cewa duk wanda ya danna Aika, koren rubutu zai fito ya ce masa, "Saƙonka ya isa. Mun gode." Rubutun nan fitowa yake yi ko an tura ko ba a tura ba.

Washegari takardar ɗaukarsa aiki ta zo daga wani kamfani a babban birni, tafiyar awa tara a mota. Goben nan ba ta ƙara zuwa ba.

Ya kai tsohuwar kwamfutarsa shagon, ya ture kwalaben mai, ya ajiye ta a kusurwar benci, ya nuna wa baban yadda ake buɗe shafin. Tsohon ya cire gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya, ya daɗe yana kallon akwatin.

"In an rubuta a nan, wa yake samu?"

"Ni, Baba. Kai tsaye wurina yake zuwa."

"Ka gwada?"

"Na gwada mana. Ga koren rubutu nan."

"Kwana nawa ka rataye shi?"

Auta ya yi dariya. "Baba, wannan ba a rataye shi."

"To," in ji tsohon.

Ran Litinin ya tafi. Da tsakar rana, yana haɗa kaya, ya kwafe shafin gaba ɗaya, har da rumbun, ya zuba a wani ɗan filashi shuɗi, irin na ajiye bayanan kwamfuta, ko za a ce ya nuna aikin hannunsa a sabon wurin. A tasha, mota na shirin tashi, baban ya kama hannunsa na hagu. Auta ya ɗauka ban kwana ne. Tsohon ya juya hannun, ya dubi agogon, ya ciro nasa na aljihu ya duba, ya mayar.

"Shafin nan naka," ya ce, "in ka samu sarari, sake dubawa."

"To, Baba." Ya shiga mota yana murmushi, yana cewa a ransa tsufa dai ba ya canza hali.

Shekara tara ya yi yana hawa. A kamfanin farko shugabarsa, wata mata mai ƙaramar murya da jan biro, ta dubi layukan da ya rubuta ta ce sun yi kama da ɗakin da aka yi dambe a ciki. Ya ji zafi, ya koya. Ya koyi jera umarni yadda wanda zai zo bayansa zai gane. Ya koyi gina shafin da zai buɗe a ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi kamar yadda zai buɗe a babban allo. Ya gina wa wata makaranta, ya gina wa masu sayar da tikitin mota, ya gina wa wani kantin littattafai. Ya canza wurin aiki sau biyu, aka ba shi tebur kusa da taga.

Sai dai akwai wata cuta da ke kama masu wannan sana'a: babu abin da ke ba su kunya kamar aikinsu na bara. Auta ta kama shi sosai. In aka kawo masa tsohon shafi a ce ya gyara, ba ya faci. Sharewa yake yi tas, ya ɗora sabo. Har abokan aiki suka sa masa suna Tsintsiya, shi kuma sunan ya yi masa daɗi. Shafin nan mai rawaya kuwa, bai taɓa sa shi a jerin ayyukansa ba. Shuɗin filashin ma bai nuna wa kowa ba. Agogon hannun ya cire shi tun shekara ta biyu, tunda waya na nuna lokaci, ya jefa su tare a wani gwangwanin biskit.

Waya ba ta karɓi baban ba. Kunnensa na dama ya yi nauyi, kuma a ganinsa magana da wanda ba ka gani rashin ladabi ce. "Auta? Lafiya? Madalla. Ga mamarka." Shi ke nan. Auta ya yanke wa kansa hukunci cewa tsohon ba mai son magana ba ne, ko kuma har yanzu yana jin haushin bencin da aka guje wa. Bai matsa ba. Shi ma aiki ya yi masa yawa.

Sau ɗaya a shekara yake zuwa gida, kuma kowane zuwa, in ya leƙa shagon, tambayar guda ce.

"Shafin nan yana aiki kuwa?"

Auta zai ciro waya, ya buɗe, rawayan nan ya daki idonsa, agogo na juyi, suna na gudu. Zai yi sauri ya rufe. "Ga shi nan, Baba, lafiyarsa ƙalau."

"Har cikinsa?"

"Har cikinsa. Wata rana ma zan rushe shi in gina maka na kirki."

"Kafin ka rushe dai, ka duba."

Sau takwas aka yi wannan hira, kusan kalma da kalma.

Baban ya rasu wata Laraba da hantsi, a kan bencinsa, gilashin na maƙale a idonsa. Akwai agogo bakwai a kan ƙusoshi. Yaya ta hana a ba kowa nasa sai da kowanne ya cika kwana ukunsa. Kafin Auta ya koma, ta ce masa, "Akwai na mutane da yawa a cikin durowa da ba a zo karɓa ba. Ka sa sanarwa a shafin jirin nan naka, ko wani zai gani."

A ofis, wata Alhamis bayan cin abincin rana, ya buɗe cikin shafin, karo na farko cikin shekara tara. Ya ga layukan da ya rubuta yana ɗan ashirin da uku, kunya ta rufe shi. Ya ce ba za a sa sunan mahaifinsa da labarin rasuwarsa a kan wannan tarkace ba. Ya fara shara. Da ya zo kan rumbun, na'urar ta tsaya ta tambaye shi: "Akwai abu ɗari huɗu da saba'in a nan. Ka tabbata?"

A teburin da ke kusa da nasa akwai wata abokiyar aiki, wadda aikinta gwada shafuka kafin a sake su. Mai Gwaji suke ce mata. Ta karkato da kujera.

"Tsintsiya, ba za ka leƙa ba?"

"In leƙa me? Akwatin da aka bari a buɗe shekara tara? Tallan caca ne da maganin rage ƙiba. Na share irinsa ya fi ɗari."

Kuma gaskiya ya faɗa, ya share irinsa ya fi ɗari. Duk wanda ya daɗe a sana'ar ya san akwai na'urorin da ke yawo a intanet suna cika irin waɗannan akwatuna da shara. Sabon shiga zai buɗe don ɗoki. Gwani ne kawai zai san ba sai ya buɗe ba. Ya danna.

Sabon shafin ya yi kyau: fari sol, hoton tsohon a kan benci, layi huɗu na sanarwa, babu abin da ke juyi.

Bayan mako biyar ya koma gida don a kwashe shagon. Ya tarar da mamarsa a ciki da tsumma, tana goge tsohuwar kwamfutar a hankali, maɓalli bayan maɓalli. Haruffan sun goge, tsohon ya sake rubuta su da farin fenti.

"Wannan kai za ka ɗauka," ta ce. "Ai taku ce, kai da shi."

"Mama, wannan ta mutu tun tana raye. Ko a kyauta ba mai karɓa."

"A'a, kada ka ce haka. Ran Litinin ta ƙarshe ma da ita ya rubuta maka."

Ya ajiye kwalin da ke hannunsa. "Ya rubuta mini me?"

"Wasiƙarka mana. Ta Litinin." Ta ci gaba da gogewa. "In ya gama da agogunansa sai ya zauna nan, da yatsa biyu, kamar kaza na tsattsage. Ko ranar da aka cire masa haƙori bai fasa ba. In na kawo masa shayi in ce, malam, yaron nan ko amsa ba ya yi, ka kira shi mana, sai ya ce a waya ba ya jin komai, a nan kuwa yana faɗin abin da yake so. Ya ce suna nan a ajiye, ranar da ka buɗe za ka gani." Ta ɗago kai. "Ni dai ban taɓa tambayarsa abin da yake rubutawa ba. Me ya ce maka a ta ƙarshe?"

Auta ya ce yana zuwa. Ya fita ya tsaya a gaban shagon mai takalma, ya kira kamfanin da ke ɗauke da shafin. Wata mata ta ɗauka, mai ladabi ƙwarai. Ta ce e, suna ajiye kwafin komai. Na kwana talatin. Ta tambaye shi ranar da ya share, ya faɗa, ya ji tana ƙirgawa.

"Yau kwana talatin da shida ke nan, yallaɓai. An riga an rubuta wasu abubuwa a kai."

Ya roƙe ta da duk kalmomin sana'ar da ya sani. Ta haɗa shi da na gaba da ita, shi ma ya duba, ya dawo da amsa guda. Ya koma shagon ya kunna tsohuwar kwamfutar, ya tona cikinta har la'asar. Babu komai. Shi da kansa ya gina akwatin yadda ba zai bar komai a baya ba.

Sai a mota, a hanyar komawa, ya tuna da shuɗin filashin nan. Daga tasha bai biya ko'ina ba. Ya jawo akwatin da ke ƙarƙashin gado, ya zazzage tsofaffin wayoyin caji da takardu, ya sami gwangwanin biskit. Filashin na nan, agogon na kwance kusa da shi. Ya sa shi a kwamfuta, ya buɗe rumbun kamar yadda yake ranar da ya bar gida.

Abu uku ne a ciki. Na farko: "gwaji". Na biyu: "gwaji gwaji 123". Nasa ne duka biyun. Na uku an rubuta shi ran Litinin, ƙarfe takwas da minti ashirin na safe. A wurin suna an sa: Babanka.

"Auta, wannan gwaji ne. Agogon hannunka yana gaba da minti huɗu, na gani jiya. In saƙon nan ya iso gare ka, kada ka ce komai, ka dai saita shi. Zan duba hannunka a tasha. In bai iso ba, ba laifi, aikin farko ne, kuma ya fi nawa na farko kyau. Zan ci gaba da rubutawa har ka gano."

Ya karanta sau uku. Sannan ya buɗe tsofaffin layukan, ya gangara, ya sami tunatarwarsa na nan inda ya bar ta: "A gama wannan gobe." Ya dubi abin da ya gagare shi a wancan yini. Harafi ɗaya ne ya ɓace a adireshin. Gyaran minti biyu ne.

Wato tun a tasha tsohon ya san akwatin ba ya kaiwa. Ya rataye aikin ɗansa a ƙusa, ya duba, ya ga kuskure, ya miƙa masa ya ce ya sake dubawa, kamar yadda yake yi wa kowa. Sannan ya koma kan aikinsa ya jira.

Ƙarshen makon ya sake yin tafiyar awa tara, don ba magana ce ta waya ba. Ya zauna a ƙasa gaban mamarsa, Yaya na tsaye a bakin ƙofa, ya faɗa musu duka, bai rage komai ba. Da Yaya ta zage shi ma, da ya fi masa sauƙi.

Mama ta daɗe tana murza gefen zanenta. "Ɗari huɗu da nawa ka ce?"

"Da sittin da takwas, Mama."

"Mutumin da in ya yi maka magana goma a yini ya yi surutu." Ta girgiza kai. "Ashe can yake kai su. Ni ma da na so in ji." Ta miƙa hannu. "Karanta mini guda ɗayan."

Ya karanta mata. Ta ce ya sake. Bai sake tambayarta ko ta tuna wani abu daga cikinsu ba, domin ta riga ta ce ba ta sani ba, ita ma ba ta sake tayar da maganar ba.

Shekara biyu ke nan. Yanzu duk shafin da ya gina, ba ya miƙa shi sai ya fita daga ofis, ya tsallaka titi, ya ari wayar mai sayar da jarida, ya aika saƙo ta akwatin kamar baƙo, ya dawo ya ga ya iso. Gobe ya sake, jibi ya sake. Masu shafi suna ƙorafi, shugabansa yana duban kalanda yana tsaki. In aka kawo tsohon shafi kuma, sai ya buɗe kowane rumbu ya karanta, har tallan cacar. Mai Gwaji ce ta fara ce masa Kwana Uku, da wasa, a gaban mutane. Daga baya ta tambaye shi dalili, ya gaya mata, ba ta ƙara kiransa da sunan ba. Sauran dai sun riƙe.

Agogon yana hannunsa. Da ya murɗa shi ya tashi, sai dai har yanzu yana gudu, minti huɗu a mako. Ya kai shi wuri biyu, aka ce masa babu mai taɓa irinsa yanzu, ya sayi na batir. Shi kuma bai daɗe a kan benci har ya koya ba. Saboda haka kowace Litinin, ƙarfe takwas, kafin ya kunna kwamfuta, yakan cire shi, ya ja ɗan kan da ake murɗawa da farce, ya mayar da shi baya minti huɗu, ya ɗaura.